Tsohon Ƙarfe Ko Sabon Kwali: Wane Injin Katako Za Ka Shigar Ɗakin Aikinka?

Masu sha'awar tsofaffin injunan katako suna da wani gwaji da suke ji da shi. Sai a ɗauki kuɗin ƙarfe a tsayar da shi a kan gefensa bisa teburin inji, a kunna, a bar shi ya yi gudu, a kashe. In kuɗin bai faɗi ba, sai ka ga mai injin yana murmushi kamar an yabi ɗansa. Gwajin ba ya nuna komai game da ko injin zai yanka katako a miƙe, ko kuma zai bar ka da yatsunka goma, amma yana nuna abin da ke jan mutane: nauyi da natsuwa. Wanda ya saba da ƙaramin inji mai ihu da tsalle, ranar da ya fara tura katako a kan tsohon inji na ƙarfen zubi, da wuya ya manta.

To amma mutumin da ke da ɗaki guda a gida, da kuɗi ƙayyadaddu, da lokacin da ba ya wuce yamma da ƙarshen mako, tambayarsa ba ta sha'awa ba ce kawai. Shin ya nemi tsohon da aka ƙera tun kafin a haife shi ya gyara, ko ya sayi sabo ya fasa kwali ya kama aiki? Ra'ayina, bayan na yi amfani da duka biyun, shi ne kada mutum ya ɗauki ɓangare ɗaya. Kowane inji a yanke masa hukunci shi kaɗai, domin akwai waɗanda tsufa ya ƙara musu daraja, akwai kuma waɗanda tsufan shi ne haɗarinsu.

Mu fara da jikin ƙarfen, tunda nan ne tsohon ya fi cin nasara. Kamfanoni irin su Wadkin, da aka kafa a Lesta ta Ingila a 1897, da Oliver na Grand Rapids a Amurka tun 1890, da Robinson na Rochdale, masana'antu da makarantun koyon sana'a suke ƙera wa injuna, wuraren da inji zai yi aiki safe da yamma shekara da shekaru. Sun zuba baƙin ƙarfe ba ƙyashi. Shi ƙarfen zubi yana da ɓarɓashin gawayi a cikin jikinsa wanda ke shanye girgiza, abin da farantin ƙarfe da aka lanƙwasa aka yi wa walda ba ya yi sosai. Girgiza kuwa ita ce ke barin layi-layi a fuskar katako, ita ce ke kwance noti a hankali, ita ce ke sa awon da ka saita da safe ya goce kafin azahar. Babban injin miƙar da katako na wancan zamani, mai faɗin inci 16, yana iya haura rabin tan. Ka jingina doguwar katako mai nauyi a kansa, ko gezau.

Sai dai akwai ruɗi a nan da ya kamata a faɗa. Tsofaffin da muke gani yau su ne waɗanda suka rayu. A kowane zamani an yi injunan araha masu sassa na ƙarfen tutiya mai saurin karyewa, kuma yawancinsu sun daɗe da komawa wurin masu narka ƙarfe. Don haka idan mutum ya ajiye tsohon injin masana'anta kusa da sabon ƙaramin inji na masu yi don nishaɗi ya ce "duba yadda aiki ya lalace", bai yi adalci ba. Har gobe ana ƙera injuna masu nauyi da inganci, a Jamus da Italiya da Ostiriya, kuma kamfanin Northfield na Minnesota, da aka kafa a 1920, ya ci gaba da zuba ƙarfe irin na da. Abin da ya bambanta shi ne kuɗinsu ba na ɗakin gida ba ne. Ainihin kwatancin kenan: da kuɗin da zai saya maka sabon inji na matsakaicin aji, sau da yawa za ka samu tsoho na babban aji. Wannan ita ce ribar, kuma riba ce ta gaske.

Kuma ƙarfen zubi yana da nasa aibin. Ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Inji ya faɗi sau ɗaya wajen lodi, sai ka ga tsaga a wuyan tebur ko a gindin da ke riƙe da sandar zarto. Ana iya ɗinke shi da tagulla ko a yi masa walda ta musamman bayan an gasa shi, amma aikin gwani ne, kuma teburin da aka gasa ba lallai ya dawo a shimfiɗe ba. In na je duba tsohon inji, kafin in tambayi ko yana tashi, fitila nake haskawa a ƙarƙashinsa ina neman tsaga. Sabon fenti mai sheƙi a kan tsohon inji ma yana sa ni ƙara buɗe ido, don fenti ya iya rufa asiri.

Tsatsar saman tebur kuwa ba abin tsoro ba ce, ita ce ma ke karya farashi. A kankare da reza, a goge, a shafa kakin da ba shi da silikon, shi kenan. Ramukan da tsatsa ta ci kaɗan-kaɗan ba sa hana katako wucewa.

Yanzu maganar wuta, wadda ita ce ke mayar da injuna da yawa kayan ado a kusurwar ɗaki. Injunan masana'anta galibi wuta mai layi uku suke ci, gidaje kuwa yawanci layi ɗaya gare su. Hanyoyin fita uku ne. Ko a canza moto a sa mai layi ɗaya, ko a haɗa na'ura mai juyi da ke samar da layi na uku wadda za ta iya ciyar da injuna da yawa, ko a sa wa kowane inji inbata irin wadda ake kira VFD. Ita wannan ta ƙarshe ta sauƙaƙa rayuwa ƙwarai: tana karɓar layi ɗaya ta fitar da uku, tana tayar da moto a hankali ba da fizga ba, tana ba ka damar rage gudu ko ƙarawa, har birki tana iya yi. Amma akwai tarko. Ƙananan inbatoci na gama-gari ba sa ƙara ƙarfin wuta. In ka ba su bolt 230, bolt 230 za su fitar. Tsofaffin motocin Ingila da yawa an naɗa su ne don bolt 415 ko kusa da haka. In moton na da wayoyi shida a akwatinsa kuma farantinsa ya nuna yana karɓar ƙarfin wuta iri biyu, canza haɗin aikin mintuna ne. In wayoyi uku kawai suka fito, to mahaɗar tana binne cikin kwayil, sai mai naɗin moto ya tono ta.

Sannan akwai injunan da moton nasu shi ne sandar da ke ɗauke da zarto ko wuƙaƙe, babu bel a tsakani. Suna da daɗin aiki, shiru, ba asarar ƙarfi. Amma in irin wannan moton ya ƙone, ba za ka shiga kasuwa ka sayo madadinsa ba, sai dai a sake naɗa shi. Kuma ba zancen canza shi da mai layi ɗaya. Wanda ba shi da tabbacin samun mai naɗi nagari, ya tsaya ga injuna masu bel.

Abu na gaba da mutane ke mantawa shi ne bugun wutar. Amurka da Kanada suna kan 60 a daƙiƙa, Turai da yawancin duniya suna kan 50. Moton da aka rubuta masa juyi 3450 a minti a wutar 60, in ka sa shi a ta 50 zai sauko ƙasa da 2900, wato ya rasa kashi ɗaya cikin shida na gudunsa, kuma zai fi ɗaukar zafi in ƙarfin wutar bai ragu daidai da haka ba. Ana gyara gudun da canza girman fule, ko inbata ta daidaita. Sabon inji da aka sayo don ƙasar da kake ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan ciwon kai. Ka cusa filogi a bango, ya tashi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda lissafin wuta ke ba shi tsoro.

Kayan gyara kuwa labarinsu ya fi yadda ake zato daɗi, ta wani ɓangaren. Boris ɗin da ke cikin yawancin injunan da aka yi daga shekarun 1930 zuwa sama masu lamba ne na gama-gari. In ka ga 6203 a jikinsa, ko'ina a duniya ma'anarsa rami milimita 17, faɗi 40, kauri 12. Bel ma haka. Makunni, waya, duk ana samu. Inda ake shan wuya shi ne sassan da aka zuba musamman don wannan injin: marfi, hannun juyawa, haƙoran ɗaga tebur, shingen awo. In ɗaya ya ɓace, sai ka yi watanni kana neman wani mataccen inji irinsa da za ka ciro. Shi ya sa cikakken inji mai tsatsa ya fi mai sheƙi da ya rasa shinge. Zaren kusoshi ma na iya ba ka mamaki. Tsofaffin injunan Ingila suna amfani da zaren Whitworth, wanda Joseph Whitworth ya tsara a 1841, mai kusurwar digiri 55, na Amurka da na mita kuwa 60 ne. Notin zai yi kamar ya shiga, ka matsa, ka cinye zaren. Duk kusar da ka kwance daga tsohon inji, ka adana ta a gwangwani kamar zinariya. Ramin zarto shi ma ba ɗaya ba ne: na Amurka mai inci 10 ramin inci 5/8 ne, na Turai milimita 30, tsofaffin na Ingila kuma akwai na inci 1 da na inci 1¼.

In ka ƙara komawa baya, kafin boris ya zama ruwan dare, za ka tarar da injunan da sandarsu ke kwance a cikin wani farin ƙarfe mai laushi, haɗin kuza da jan ƙarfe da antimoni, wanda ya samo sunansa daga Isaac Babbitt da ya yi rajistarsa a 1839. Waɗannan tun zamanin da ake jan injuna da doguwar sanda guda a rufin masana'anta da faffaɗan bel na fata suke. In ana ɗiga musu mai kafin kowane aiki, suna juyawa lumui, kuma suna daɗewa. In suka cinye, sai a narka sabon ƙarfe a zuba a kankare da hannu. Aiki ne mai ban sha'awa ga wanda ke son sa. Ga wanda kabad yake so ya haɗa kafin ƙarshen wata, ba nan ya kamata ya fara ba.

Kada kuma a ɗauka sabon inji ya tsira daga matsalar safaya. Yana da garanti na shekara ɗaya ko fiye, wannan gaskiya ne. Amma da yawa daga cikin ƙananan sababbin injuna suna da haƙoran roba da allon lantarki da aka yi don wannan samfurin kaɗai, kuma ranar da kamfani ya daina yin samfurin, allo guda na iya kashe injin gaba ɗaya. Tsoho kuwa, yawancin sassansa maƙerin zamani mai injin ferewa zai iya kwaikwaya.

Sai mu zo inda nake juya wa tsoho baya, wato lafiyar hannu.

Zarton tebur shi ne injin da ya fi kowane shiga tsakiyar ɗakin aiki, kuma shi ne ya fi yi wa mutane illa. Zarto mai inci 10 da ke juyi 4000 a minti, haƙoransa na tafiya da gudun kusan kilomita 190 a sa'a. In katako ya matse bayan zarton, haƙoran da ke tasowa za su ɗauke shi su harbo shi cikin mai aiki, kuma sau da yawa hannun da ke riƙe da katakon shi ne ke biyo baya ya faɗa kan haƙora. Maganin wannan wata lanƙwasasshiyar wuƙa ce da ke tsaye daf da bayan zarton, tana hawa da sauka tare da shi, tana hana tsagar rufewa. Injunan Ingila da na Turai sun daɗe da ita, don haka tsohon Wadkin da wuƙarsa ke nan yana da wannan kariyar. Na Amurka kuwa, har da fitattu irin su Unisaw na kamfanin Delta da ya fito a ƙarshen shekarun 1930, da Powermatic 66, wani farantin rabawa gare su da ke haɗe da marfi, ba ya bin zarton sama da ƙasa, kuma saboda yana hana wasu yanke-yanke, yawancin masu su sun cire sun jefar tun tuni. Sai wajen 2008 ƙa'idar Amurka ta fara tilasta wa sababbin samfura irin wuƙar Turai. Ana sayar da abubuwan da ake ɗaura wa tsofaffin don cike giɓin, suna taimakawa, amma ba su kai wadda aka ƙera injin da ita ba.

Sannan ga fasahar da babu tsohon da ke da ita. A 1999 wani Ba'amurke, Steve Gass, ya ƙirƙiro hanyar da zarto zai gane ya taɓa fatar mutum ta ɗan siginar lantarki da ke bin jikinsa; da ya taɓa, sai wani dunƙulen alminiyom ya faɗa cikin haƙoran, zarton ya tsaya ya nutse ƙarƙashin tebur cikin abin da bai kai kashi 5 cikin 1000 na daƙiƙa ba. Injunan SawStop masu wannan fasahar sun shiga kasuwa a 2004. Kowace tsayawa tana cin birkin, galibi har da zarton, kuma ɗanyen katako mai ruwa na iya tayar da shi a banza. Duk da haka, in a gidanka akwai yaro mai tasowa da zai koyi aiki a kan injin nan, ko kai kanka sabon shiga ne, ban ga nauyin ƙarfen da zai sa in ce ka bar wannan ka ɗauki tsoho ba. Akwai kuma zarton da ke da tebur mai zamewa, wanda Wilhelm Altendorf ya ƙirƙiro a Jamus a 1906, inda katako ke kwance a kan keken da ke wucewa ta gefen zarto, hannu yana nesa. Ko tsoho ko sabo, tsarin ya fi aminci, sai dai yana cin wuri. Abin da zan guje wa kwata-kwata shi ne tsofaffin nan da tebur ɗin ne ke karkacewa maimakon zarton. Yanka a kusurwa a kansu kamar aiki ne a kan gangare.

Injin miƙar da katako labarinsa biyu ne, kuma kan da ke ɗauke da wuƙaƙe shi ke raba su. Tsofaffi sosai suna da kai mai kusurwa huɗu, wuƙaƙe a ɗaure da kusoshi a fuskokinsa. Yayin da yake juyawa yana barin babban rami tsakaninsa da leɓen tebur, kuma in yatsa ya shiga, hannun yake ja gaba ɗaya. Kai mai zagaye yana yanka abin da ya taɓa ne kawai. Shi ya sa ƙasashe da dama suka hana mai kusurwa huɗu a injunan da ake tura wa katako da hannu. Akwai kuma wasu kawuna masu zagaye da faranti ke danne wuƙa, waɗanda in kusoshinsu suka miƙe saboda yawan matsewa suna iya sakin wuƙa tana cikin gudu. In injin yana da ɗaya daga cikin waɗannan, ka sa kuɗin canza kai a lissafinka tun kafin ciniki. In kuwa yana da kai mai zagaye na yau da kullum da marfi mai aiki, to nan tsoho ya yi wa sabo fintinkau: dogayen tebura, faɗin da zai ɗauki katako inci 12 ko fiye, shinge mai nauyi. Abin da ya fi komai kyau shi ne a sa wa tsohon jiki sabon kai, irin mai ƙananan wuƙaƙen kabaid, wani ƙarfe mai tsananin tauri, jere a karkace. Kowace ƙwaya tana da baki huɗu, in ɗaya ya dakushe sai a juya, ƙarar tana raguwa, katako mai murɗaɗɗen zare ba ya yagewa sosai. Abin dubawa kafin saye shi ne teburan biyu: a ɗora dogon miƙaƙƙen ƙarfe a kansu a ga ko sun lotsa. Ɗan saukar baki ana gyarawa da siraran faranti a mazaunin tebur, amma tebur mai murɗewa sai babban injin niƙa ƙarfe.

Zarton ɗamara, wato siririn zarto mai kama da bel da ke zagaye ƙafafu biyu, da injin huji na tsaye, da injin juya katako don sassaƙa, da mai fafe ramin haɗi: waɗannan a ganina ka sayi tsoho ba tare da dogon tunani ba. Tsarinsu bai canza wani abin kirki ba. Zarton ɗamara mai inci 14 da Delta ya fitar a shekarun 1930 an kwaikwaye shi har ba iyaka, musamman a Taiwan, ta yadda robar ƙafa da majagoran zarto da ɗamara mai tsawon inci 93½ duk suna nan birjik. Ka tabbata dai ƙafafun biyu a rufe suke, don na da can wasu a buɗe suke, kuma babba mai nauyin ƙafa yana ci gaba da juyawa shiru na tsawon lokaci bayan an kashe, har ka manta. A Birtaniya ƙa'idar wuraren aiki ta nemi yawancin injunan katako su tsaya cikin daƙiƙa 10. A gida ba wanda zai zo ya duba ka, amma ma'auni ne mai kyau.

Injin daidaita kauri ya fi rikitarwa. Ƙaramin sabo da mutum ɗaya ko biyu za su ɗauka yana fitar da fuska mai santsi abin mamaki, wuƙaƙensa na cirewa a jefar ne ba sai an saita ba, kuma in ka gama sai ka tura shi ƙarƙashin benci. Aibinsa moto mai burushi mai tsananin ihu da gajeren rai, kuma ba ya cin katako da yawa a wuce guda. Tsohon mai nauyi zai yi ta ci yini guda bai gaji ba, amma saita shi, da rolar shiga da ta fita da sandar dannawa da rolar tebur, sai da agogon awo da haƙuri. Ga wanda ke yin tebur ɗaya a wata, ƙaramin ya isa. Injin fitar da ado a gefen katako mai tsayayyiyar sanda kuwa, jikin tsoho ba laifi, amma tsofaffin wuƙaƙensa da ake matsewa tsakanin zobba biyu ba tare da makulli ba, a bar su a kan shiryayye a sayi sababbin kawuna masu iyakance cizo. Zarto mai hannu da ake jawowa ta sama, wanda Raymond DeWalt ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1920, tsofaffin masu nauyi suna yanka a kwance da kyau. Masu araha kuwa ba sa riƙe saiti, kuma a shekarar 2000 an yi kiranyen kusan miliyan 3.7 na samfurin Craftsman a Amurka saboda rashin marfin da ya rufe zarton.

Duk tsohon da ya shigo ɗakinka, akwai abin da ba a jinkirtawa. Makunninsa na da, in wuta ta ɗauke ta dawo, injin zai tashi da kansa, wataƙila hannunka na kan zarto kana share dusa. A sa makunni mai maganaɗisu da ke sakin kansa in wuta ta yanke, da babban maɓallin kashewa da gwiwa za ta iya kaiwa. A canza tsohuwar waya da rigarta ta bushe, a haɗa wayar ƙasa. Tsohon fenti ka ɗauka akwai dalma a ciki, tunda ko a fentin gidaje sai 1978 Amurka ta hana ta. Kada ka bi shi da injin gurza a busasshe kana shaƙa. Ƙura kuma ita ce inda sabo ya sake yin gaba. Injunan zamanin da, an yi su ne a zuba dusa a ƙasa yaro ya share, ba su da bakin zuƙe ƙura, sai ka ƙera musu. Tun 1995 hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar kansa, musamman ta hanci, don haka ba zancen tsabta kawai ba ne.

Ɗaukowa ma aiki ne. Ka auna ƙofarka kafin ka biya. Zarton ɗamara da injin huji nauyinsu a sama yake, suna kifewa cikin ƙiftawar ido. Injin miƙar da katako ba a ɗaga shi ta tebura, komai kama da hannu da suka yi. Bututun ƙarfe uku ko huɗu a ƙasa da sandar bankara sun fi ƙarti shida masu gaggawa. In kuma haya kake, ko ɗakin naka a bene yake, rabin tan na ƙarfe zai zame maka ƙarfen ƙafa a ranar tashi.

Abin da ya rage shi ne lokaci, kuma shi ne ba a sa wa a lissafi. Na taɓa sayen wani tsohon injin daidaita kauri da niyyar in gama shi cikin mako biyu. Mai shi ba shi da wuta mai layi uku a inda ya ajiye shi, don haka ban ji kukansa ba, sayen kifi a ruwa na yi. Moton lafiya lau ya fito, amma haƙori biyu sun karye a akwatin da ke jan katako, kuma sai da ya shafe fiye da rabin shekara a warwatse a ƙasa, yana cin wurin da ya kamata in haɗa aiki. A tsawon wannan lokaci hannuna ya fi taɓa giris fiye da katako. Ban yi da-na-sani ba, don na gano ina son aikin ƙarfen, kuma yanzu babu kusa ɗaya a cikinsa da ban san ta ba. Amma wanda ba ya jin daɗin kwance abu ya ɗaura, wannan rabin shekarar azaba ce zalla.

Nan ne kuma mai tarawa da mai aiki suke rabuwa, ko da a jikin mutum ɗaya suke. Mai tarawa yana son fentin asali ko ya koɗe, da farantin suna na tagulla, da lambar da za ta nuna shekarar ƙira, kuma yana jin zafi in an huda jikin inji don ɗaura sabon shinge. Mai aiki zai cire tsohon shingen da ke gocewa ya sa irin na kamfanin Biesemeyer mai kullewa a gaba ba tare da ya waiwaya ba. Ni matsayata ita ce a canza duk abin da ya shafi lafiya da daidaiton awo, amma a yi amfani da ramukan da ke akwai in zai yiwu, a kuma adana abin da aka cire a akwati da sunan injin a rubuce, saboda wanda zai gaje shi. Matsalar tarawa dai ita ce ba ta da birki. Inji na biyu yakan zo ne a matsayin "na safaya", na uku don an ji tausayinsa kada a narka shi. In ɗakinka ba zai bar ka ka juya katako mai tsawon mita 2.4 a gaba da bayan zarto ba, to injin da za ka cire shi ne wanda ka fi daɗewa ba ka kunna ba.